Ranar da Aka Gaje Ni Ina Raye

An gaje ni ina raye, ina zaune a kan kujerar roba da tabarau a hanci, kuma duk ɗakin ba wanda ya ga laifin abin sai ni. Har yau haushin bai sake ni ba, ni ma ban sake shi ba. Duk wanda ya zaɓi kalmomin nan uku da ake kulle kaya da su a cikin kwamfuta bai taɓa zama a Zariya ba. Da ya zauna, da bai jera su haka ba.

Ni mai yaji ce. A kasuwar Sabon Gari nake, layin masu kayan miya, kuma masu tsire da balangu daga Unguwar Gabas har Shika wurina suke saye. Haɗin na kakata ne ta wajen uwa, can ƙasar citta a kudancin Kaduna. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gonaki, yayyena maza suka kwashe, aka ce mace ai gidan wani za ta. Ko kunyar doya ɗaya ban samu ba. Yajin nan kaɗai na fito da shi daga gidanmu, a ka kuma na ɗauko shi, don a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba.

Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin manya na cocinmu. Na je ne don in riƙa karanta Littafi da kaina, in daina motsa baki ina bin na kusa da ni a waƙa. Da na ɗanɗana sai na ƙi tsayawa. Na zauna jarrabawa da sa'o'in 'ya'yana, na faɗi, na koma, na ci. Daga nan na hau benen wata makarantar kwamfuta a Samaru, a saman shagunan masu buga takardun ɗalibai. Masu tambayata me tsohuwa za ta yi da kwamfuta, amsa ɗaya nake ba su: abin da kuke yi da ita, ban da kallon rawa. Amma ina da dalilina. Idan Kirsimeti ko Sallah ta matso, a kawo mini aikin buhu-buhu, kaina yakan ɗauki zafi wajen auna cewa barkono kaza zai ci citta kaza. Ina so in koya wa na'ura ta riƙa yi mini wannan awon.

Malaminmu saurayi ne siriri mai haƙuri, rabin maganarsa Hausa, rabi Turanci. Shi ya koya mana abin da suke kira class. Ni na fi gane shi da gida: yana da kayansa, yana da ayyukan da ya iya. Ya ce wani gidan yana iya fitowa daga wani, na farko uwa, na biyu 'ya, 'yar ta ɗauki kayan uwar da iyawarta ta ƙara nata. Wannan shi ne gado. Da mota ya yi mana misali, wai tasi 'yar mota ce, a-kori-kura ma 'yar mota ce. Na ce wannan ai ba wuya, mun san gado, wasunmu ma mun san rashinsa.

Ranar da ya koyar da makullai, motarmu ta mutu a Kwangila, na iso har ya gama bayani. Kalmomi uku na tarar a allo: public, private, protected. Ban damu ba, don duka ukun na san su tun kafin in iya karatu.

Public ai na kowa ne, kamar famfon unguwa da ban-ɗakin tasha, kowa ya taɓa, ba mai gyarawa. Private kuwa ina ganinsa kullum ta tagar mota daga Sabon Gari zuwa Samaru. Makaranta private, asibiti private, ƙofa a wangale, ga allo mai fenti yana kiranka, duk mai abin biya ya shiga. Ban taɓa ganin wurin da aka rubuta private ana korar mutane ba. Amma protected, wannan gidajen manyan malamai ne, katanga da waya mai ƙaya, maigadi a ƙofa, kare a bayansa. Duk wanda ya girma a garin nan ka tambaye shi wanne ya fi tsauri a cikin ukun, abin da zai ce maka ke nan.

Duk da haka na tambaya. Na ce, "Malam, wannan protected ɗin yana karewa da gaske?"

Ya ce, "Yana karewa, Mama. Na waje ba ya taɓawa."

Sai wani ya kira shi kwamfutarsa ta daskare, ya tafi. Rabin amsa ya ba ni, na riƙe ta a matsayin cikakkiya.

Da aka ce kowa ya gina nasa gidan, na sa wa nawa suna Yaji. Na zuba awon kakata a ciki yadda yake, barkono, citta, ƙuli-ƙuli, kanumfari, masoro, kimba, da wasu abubuwa biyu da ba zan rubuta a nan ba ko za a yanka ni. Shi ne karo na farko da haɗin ya fita daga kan mutum ya zama rubutu. Na sa wa kowane layi protected a gaba, ina ji kamar ina ɗaure kare a ƙofar kowane ɗaki. Na gwada, na ce wa na'urar ga barkono mudu kaza, ta ba ni sauran daidai da yadda hannuna ya sani. Ranar ko gajiyar mota ban ji ba.

Sai Malam ya kawo sabon aiki. Kowa zai miƙa gidansa a ba wani, wanda aka ba ya haifar masa 'ya. Na ɗaga hannu na ce ni nawa ba ya fita.

Ya ce, "Mama, ba rubutunki za a ba da ba. Niƙaƙƙen za a ba da, wanda na'ura kaɗai ke ganewa. Kamar gari ne, ba a ganin ƙwayar. Sunayen kayan kawai za su sani, sai abin da kika buɗe musu."

Na ce ban buɗe komai ba. Ya ce to shi ke nan. Su biyun nan na ɓoye ma ban kira su da sunansu a waje ba, na farko da na biyu na sa musu, sunan gaskiyar yana ciki tare da awon.

Nawa ya faɗa hannun wata yarinya da na sani tun tana goye. Iyayenta mutanen kudu maso gabas ne, ita a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta 'ya'yana. Uwarta tana layinmu, rumfa kaɗan tsakaninmu, tana sayar da kori da kayan ƙamshin miya na leda, da wani yaji nata da masu tsire ke saya idan nawa ya ƙare. Muna gaisawa kowace safiya, mun je bikin juna, mun je makokin juna. Amma na san ta taɓa aiko a sayi yajina ta tankaɗe shi a rariya tana shinshinawa, ita ma ta san na sani.

Ranar nuna aiki aka kunna majigi, aka haska bango. Wani ya nuna 'yar banki, wata ta nuna 'yar asibiti. Yarinyar ta fito da fara'arta ta ce ita yajin kifi ta haifa daga yajin Mama. Aka yi dariya, ni ma na yi. Ta ce bari ta fara nuna abin da 'yar ta gada kafin abin da ta ƙara. Ta danna.

Barkono ya fito a bango da awonsa. Citta ta biyo.

Na cire tabarau na goge na mayar. Ƙuli-ƙuli, kanumfari, masoro, kimba, kowanne da awonsa, da baƙaƙe manya kamar na allon talla. A ƙasa kuma ga su nan su biyun, da sunayensu na gaskiya. Abin da kakata ba ta taɓa faɗa da ƙarfi ba ko a cikin ɗakinta, ga shi a bangon bene a Samaru, fanka tana kaɗawa, ɗalibai suna tafi.

Wani magidanci da ke aiki a kantin magani ya ce, "Ashe har da wannan ake sawa a yaji?" Na ga wata ta ɗaga waya.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai tsinci kaina a tsaye a gaban majigin, na buɗe hannuwa, hasken yana dukan idona. Rubutun ya bar bango ya dawo jikina. Na sunkuya na ga citta a ƙirjina, kimba a kan zanena. Na ce a kashe. Ba wanda ya motsa, sun ɗauka wasa nake. Na sa ƙafa na fizge wayar daga bango.

Na juya wurin yarinyar na ce, "Ke, ta ina kika shiga?"

Ta ce, "Mama, ban shiga ba. Gada na yi."

"Wa ya mutu?"

Wasu suka fashe da dariya, suka ga fuskata, suka haɗiye.

Ta ce, "Extends kawai na rubuta, Mama. Kalma ɗaya. Sai na zama 'yarki."

Malam ya matso yana murza hannu. Ya ce laifin ba nata ba ne, haka abin yake. Protected yana hana bare, amma ba ya hana 'ya'ya, don 'ya'ya ma aka yi shi. Har maƙwabtan da ke cikin ƙunshin rubutu ɗaya da gidan yana bari su taɓa.

Na ce, "To wa ya ce 'yata ce?"

"Ita ta ce."

"Aka tambayi uwar?"

"Ba a tambayarta."

"Uwar ta san ta haihu?"

Ya ce, "Gaskiya ba ta sani ba, Mama. A nan uwa ba ta sanin 'ya'yanta. 'Ya ce ke nuna uwarta."

Na nemi kujera na zauna. Ni da aka haifa a gidan, aka yanke mini cibiya a bayan ɗakin, aka ce ba ni da gado. Ga wata duniya kuma da mutum zai wayi gari ya rubuta kalma ɗaya, ya zama ɗa, ya kwashi kaya, mai kayan tana zaune tana tafa masa. Ba gawa, ba makoki, ba dattawan da za su zauna a raba. Kuma masu ilimi ne suka zauna suka tsara haka, suka sa masa suna gado.

Na ce, "Wanne ne ke hana 'ya'yan?"

Ya ce, "Private."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Ya ce private shi ne na can ƙuryar ɗaki, gidan da ya mallake shi kaɗai ke taɓawa. 'Yar tana ɗauke da abin a jikinta, yana yi mata aiki, amma hannunta ba ya kai gare shi, sai ta ƙofar da uwar ta ga dama ta buɗe. Da private na sa, da na'urar ta ƙi yarinyar tun kafin ta gama rubutu. Ya ce akwai ma wata kalma, final, idan aka sa wa gida ba mai iya zama ɗansa har abada.

Na ce, "Private ɗin da ke kan allon kowace makarantar kuɗi daga nan har unguwar PZ?"

Ya ce wannan daban. Na ce a ina aka rubuta cewa daban ne? Mai kantin maganin ya ce shi ma da farko haka ya ɗauka, wata ma ta ce ita ma. Ashe ba ni kaɗai ba ce, su dai ba su da abin da za su rasa.

Sai Malam ya rage murya, ya ƙara mini wadda ta fi. Ya ce ko private ɗin ma ba kwaɗo ba ne. An yi shi ne don masu aiki tare kada wani ya taɓa abin da bai gane ba ya ɓata. Wanda ya ƙudura zai gani, kuma ya san hanya, niƙaƙƙen ma yana iya warware shi. Sirri na gaske ba a ajiye shi a nan sam.

Na ce, "Ka ce mini gari ne."

Ya ce, "Ban san na gaske kika sa ba, Mama. Kowa ƙagaggun lambobi yake sawa. Gwaji ne."

Na dubi ajin. Mai banki, kuɗin ƙarya ya zuba. Mai asibiti, majinyatan ƙarya. Duk sun sani, ba wanda ya faɗa musu, a makarantun da suka yi tun suna yara suka shaƙe shi. Ni ban yi wannan makarantar ba. A ajin manya, ranar da aka ce mu rubuta suna, sunanmu muka rubuta. Na ce masa ban hau benen nan da furfura don in rubuta ƙarya ba, kuma da ya ce a sa ƙarya da na ji.

Na sa wadda ta ɗaga waya ta nuna mini hoton. Zanena ne kawai ya fito da wasu baƙaƙe a karkace, na sa ta goge duk da haka. Sauran ba su dame ni ba, ba su san kimba daga masoro ba, kafin su sauka bene sun manta. Mutum ɗaya ce a ɗakin ta san abin da ta karanta, don a cikin kayan ƙamshi ta yi rarrafe.

Na ja ta baranda. Idonta ya cika da hawaye. Na ce tun yaushe ta gani. Ta ce tun ranar da aka ba ta, a gida ta gwada.

"Uwarki ta gani?"

"A'a. Ta dai tambaye ni me nake kallo haka, na ce aikin makaranta ne."

"Kin san na gaske ne?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce da ta ga na biyun nan na ƙarshe ta yi zargi, don ƙamshin da mamanta ta kasa ganewa ke nan. Amma ta ɗauka tunda ban kulle ba, ban damu ba. Ta ce, "Zan goge, Mama, wallahi yanzu zan goge."

Na ce, "Daga kanki ma?"

Mota ɗaya muka shiga zuwa Sabon Gari, tana bayana. Ina ta lissafin abin da zai biyo baya. Yarinyar ba muguwa ba ce, amma 'yar uwarta ce. Wata rana ciniki zai yi sanyi, uwar za ta yi tagumi a rumfa, yarinyar za ta tuna tana da maganin abin a kanta. Ni ma da ni ce da na faɗa. Daga ranar masu tsire ba su da dalilin wuce rumfar uwarta su iso tawa.

Da muka sauka, ta biyo ni har bakin layinmu. Na ɗauka haƙuri za ta sake ba ni. Sai ta ce, "Mama, kar ki yi fushi. Na ƙarshen nan, kafin a soya cittar ake sa shi ko bayan an sauke? Don in da zafi aka sa, ai zai yi ɗaci."

Na tsaya da jaka a hannu ina kallonta. Wannan ba ya cikin abin da na rubuta. Tambayar da na yi wa kakata ke nan, kusan da kalmomin nan. 'Ya'yana mata biyu na haifa. Babbar tana aikin jinya a Shika, ta ce yaji yana sa ta atishawa. Ƙaramar tana Abuja, a leda nake aika mata. Ba wadda ta taɓa tambayata ko me ke ciki, balle yaushe ake sawa. Wannan abin ya fi na bangon girgiza ni. Na dai ce ta gaida gida.

Da yamma na zauna a tsakar gida kusa da turmi, ban dafa komai ba. Na duba hanyoyin da ke gabana. In je in yi faɗa, sai uwar ta san akwai abin da za ta tambaya. In je in yi roƙo, ban iya ba, kuma roƙo ba ya daɗewa. Sai na tuna yadda ni aka ba ni. Kakata ba ta faɗa mini haɗin don ni jikarta ce ba, jikoki muna da yawa. Sai da na yi damina da rani ina daka mata, hannuna ya yi kanta, sannan ta sa na dafa bakin turmi na yi alkawari cewa abin ba zai bar bakina ba sai ga wadda ta daka tare da ni. A wurinmu wanda ya sani shi ke daka, wanda ke daka shi ke rufe baki. Yarinyar nan ta karɓi sanin ta tsallake dakan da alkawarin, na'ura kuma ba ta tambaye ta ba, don ba ta san ana yi ba. To ni na sani.

Washegari da sassafe na ɗauki ƙaramar taɓaryata na naɗe a zane. Ban buɗe rumfata ba, na wuce ta uwar. Tana jera ledojin kori, yarinyar tana share gaban rumfar. Da ta gan ni ta saki tsintsiya.

Na ce, "Madam, ina kwana."

Ta ce, "Lafiya lau, Mama Yaji. Wetin happen, da sassafe haka?"

Na ce, "Jiya 'yarki ta rubuta a gaban shaidu cewa ni ce uwarta. Ba a tambaye ni ba, amma ban musa ba. Ranar Asabar nake daka, kafin rana ta yi zafi. Ki turo mini ita, ta zo da ɗankwalin rufe hanci. Abin da za ta koya a turmina zai zauna, za ta dafa shi ta rantse. Ke kuma kada ki tambaye ta, don ke ba ki rubuta komai ba."

Ta dubi 'yarta, ta dube ni, ta ce wace irin magana ce wannan. Na warware zanen, na ajiye taɓaryar a kan teburinta tsakanin ledojin kori, na ce wa yarinyar ta riƙo ta idan za ta zo. Sannan na wuce na buɗe rumfata.